Babi na Bakwai: Furen da Ke Zama a Kan Itace

Darasi na ɗaya. Masana suna kiran wannan tsiro Ansellia africana, kuma ɗan asalin Afirka ne, har da ƙasarmu. Yana fitowa a kan manyan itatuwa, sau da yawa a kan giginya ko goriba, inda iska ke kaɗawa kuma haske ke ratsowa ta cikin ganye. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa kamar jikin damisa. Kada ku ɗauke shi kauci, domin ba ya shan ruwan jikin itacen. Fararen saiwoyinsa masu miƙewa sama suna tare busasshen ganye, in ya ruɓe ya zama abincinsa.

Darasi na biyu. A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, saboda haka ku karanta a hankali, ba laifi ba ne ku karanta sau biyu. Ba a binne shi a ƙasa. Ku nemi tukunya mai huji a gindi, ku zuba tsingaro da gawayi da ɓawon itace, ku ɗora tsiron a kai, sannan ku ɗaure shi da igiya don kada ya motsa. Ban da ƙasa, ban da taki. Na san duk manomi a Bauchi hannunsa ya saba da rufe saiwa, amma wannan saiwar iska take so, in ta kwana cikin laima sai ta yi baƙi ta ruɓe. Ku sa yatsa cikin gawayin: in da danshi, ku ajiye butar.

Haba jama'a, duk da wannan bayani sai an sami mai ƙara ƙasa “kaɗan kawai”, daga baya ya zo yana cewa tsiron ne ba shi da ƙwari! Kaɗan ɗin ma kada a zuba. Ku rubuta a littafinku: ba a binne shi.

Darasi na uku. Da damina yana son ruwa sosai, muddin yana tsiyayewa. Da hunturu a rage. A sa shi inda zai sami ranar safe.

Darasi na huɗu. Kada a ciro shi daga daji, domin yana raguwa. A roƙi mai shi ya raba, da kara uku aƙalla.