Kwikwiyo ya shigo gida: abin da za ka fara dubawa

Idan aka kawo maka kwikwiyo, fara duba cikinsa. Ciki ƙato, haƙarƙari a waje, gashi ya bushe, yawanci tsutsar ciki ce. Ana ba su maganinta tun suna sati 2, a maimaita duk sati biyu har su kai wata 3. Bari likitan dabbobi ya auna nauyinsa ya faɗa maka adadin, kada ka yi kirdado.

Rigakafin farko tsakanin sati 6 zuwa 8 ake yi, na haukan kare kuma idan ya cika wata 3. Kafin a gama alluran, ni ba na barin nawa ya fita layi ya shinshina kashin wasu karnuka. Ta nan parvo, wata muguwar cutar hanji ta karnuka, ke shiga: amai, gudawa da jini mai mugun wari, kwikwiyo ya kwanta ya ƙi abinci. Ka ga haka, ka kai shi asibiti a ranar, domin rashin ruwa a jiki ne ke saurin kashe su.

Kaska kan ɓoye cikin kunne da tsakanin yatsu. Kama ta dab da fata, ka ja a hankali, kada kanta ya karye a ciki.

Ragowar tuwo ba laifi, amma miya mai albasa da yawa tana lalata masa jini. Maganin ciwon kai na mutane ma kada ka ba shi.

Tauna takalmi kuwa haƙora ne ke fitowa. Duka ba ya hanawa. Ɗauke takalman, ka ba shi igiya mai kauri ya yi ta gwagwiya.