Kafin ka sabunta manhajar hotunanka

Ni mai hoto ne a wani ƙauye na ƙasar Taura. Ina ɗaukar biki da suna da saukar Alƙur'ani, ranar kasuwa kuma in kafa farin ƙyalle in yi hoton fasfo. Amma abin da ya fi dawo da mutane wurina bayan shekaru shi ne rasuwa. Sai a yi sallama a ce, "Mai hoto, ko kana da hoton Baba na ranar ɗaurin auren wance?" Sau da yawa wannan hoton shi kaɗai ne tsohon ya taɓa tsayawa aka ɗauke shi. Dole in iya fito da shi ba tare da na bar mutum yana jira har la'asar ba. Tsarin da ke ba ni damar yin haka shi nake ji wa tsoro duk lokacin da za a sabunta manhaja, kuma ga yadda nake bi don kada ya wargaje.

Da farko ka gane cewa hotunanka ba sa cikin manhaja. Ko Lightroom kake amfani da ita, ko Picasa, ko digiKam, hotunan suna zaune a foldojinsu cikin kwamfuta. Abin da manhajar ta mallaka kundi ne, irin littafin mai ajiyar hatsi a kasuwa: ya rubuta buhun wane ne, nawa ne, a wane lungu aka jingine shi, amma babu ƙwayar gero ɗaya a cikin littafin. A wannan kundin ne sunayen da ka rubuta suke, da taurarin da ka ba hotuna masu kyau, da albam-albam, da duk gyaran haske da yankan da ka yi. A Lightroom Classic kundin shi ne fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .lrcat, kuma tun daga siga ta 11 da ta fito a 2021 yana da abokin tafiya mai ƙarewa da .lrcat-data. A digiKam sunansa digikam4.db. Sabuntawa ba ta cika taɓa hotuna ba. Kundin take taɓawa, shi ne kuma aikin shekarunka.

Ka tambayi kanka ma tukuna ko akwai dalilin sabuntawar. Idan ka sayi sabuwar kyamara manhajar ta kasa buɗe hotunan RAW ɗinta, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ke ajiyewa ba tare da ta sarrafa shi ba, dalili ne. Idan ka sauya kwamfuta, dalili ne. Google ta daina kula da Picasa tun 2016. Lightroom 6, wadda ita ce ta ƙarshe da ake saye sau ɗaya a huta, ta fito a 2015, gyaranta na ƙarshe kuma a 2017. Daga nan sai biyan kuɗi wata-wata. Microsoft ta janye tallafin Windows 7 a Janairun 2020, na Windows 10 a Oktoban 2025. To ko ba jima ko ba daɗe za ka motsa. Sai dai kada ka yi ana gobe Sallah, ko bayan kaka lokacin da bukukuwa ke bin juna. Ni tsakiyar damina nake zaɓa, mutane suna gona, shago shiru. Kuma ka duba ƙarfin kwamfutarka kafin ka ɓata data: Lightroom Classic ta yanzu tana neman RAM aƙalla 8 GB.

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci, wanda kuma yawancinmu ke tsallakewa, shi ne ka sa manhaja ta rubuta abin da ta sani a jikin hotunan kansu. Fayil ɗin hoto yana da wurin ajiye suna da bayani da taurari. Idan bayanin ya shiga can, duk manhajar da ka koma za ta karanta shi, ko da kundin ya lalace. A Lightroom ka buɗe All Photographs, ka danna Ctrl da A ka zaɓi duka, sannan Ctrl da S. Idan JPEG ne, a cikin hoton za ta rubuta. Idan RAW ne, irin CR2 na Canon ko NEF na Nikon, sai ta ajiye ɗan ƙaramin fayil mai ƙarewa da .xmp kusa da shi, mai suna iri ɗaya. Kada ka ga waɗannan ƙananan fayilolin ka ɗauka shara ce ka goge. Inda hoto ya je, nasa ya bi shi.

Amma akwai abin da ba ya shiga ta wannan hanyar. Albam ɗin da ka haɗa a cikin manhaja, wanda Lightroom ke kira Collections, a kundi kaɗai yake zaune. Dabarata ita ce in mayar da kowane albam laƙabi, wato kalmar da ake liƙa wa hoto don a neme shi da ita, wadda Lightroom ke kira Keyword: in buɗe albam ɗin "Tsofaffin gari", in zaɓi duk hotunan ciki, in liƙa musu laƙabin "Tsofaffin gari", sannan in sa a rubuta a jikinsu. Ko albam ɗin ya ɓace, da na nemi laƙabin duka za su fito, in sake haɗa shi nan take. Yana cin lokaci idan albam ɗinka suna da yawa. Ka fara da waɗanda ka san za a zo nema.

Masu Picasa su ƙara kula, don ita tana da hali na daban. Idan ka yanke hoto ko ka ƙara masa haske, ba ta taɓa ainihin fayil ɗin. Tana rubuta gyaran ne a wani ɓoyayyen fayil mai suna .picasa.ini cikin foldar, kuma sauran manhajoji ba sa aiki da wannan gyaran. Ka koma wata manhaja haka nan, sai ka tarar da hotunan fasfon da ka daidaita sun koma yadda kyamara ta ɗauke su, har da gefen ƙyalle da ƙafar mai riƙe shi. Maganinsa ka danna Save a kowace folda da ka yi gyara a ciki. Za ta ajiye gyararren hoton, ta tura na asali cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna .picasaoriginals. Sunayen fuskoki kuma, ka shiga Tools, Options, Name Tags, ka kunna Store name tags in photo. Waɗanda ka daɗe da sa wa suna, akwai Write faces to XMP a ƙarƙashin Experimental da zai rubuta su. Albam ɗinta su ma ka mayar da su laƙabi kamar yadda na faɗa.

Daga nan ka ɗauki biro da takarda. Ka rubuta jimillar hotunan da manhajar ke nunawa, da yawan albam, da adadin hotunan manyan foldoji biyar ko shida. Da wannan takardar za ka yi wa sabuwar sigar hisabi.

Sai kwafi. Ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka kwafe foldar hotuna da foldar kundi zuwa faifan ajiya na waje. Kwafi na ce, kada ka yanke ka liƙa, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar yanka, rabi na nan rabi na can. In ya gama, ka danna dama a kan foldar asali ka duba Properties, ka yi haka ga kwafin, ka gwada yawan fayiloli da nauyinsu. Sannan ka buɗe wasu hotunan daga kwafin da idonka, musamman na ƙarshen shiga. Akwai filash na jabu a kasuwa da ke nuna yana ɗaukar abu mai yawa, alhali cikinsa kaɗan ne. Zai karɓi komai bai yi gardama ba, sai ranar buƙata hotunan su ƙi buɗewa. Kuma idan faifan yana kan tsarin FAT32, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya kai 4 GB ba, wato dogon bidiyon biki ba zai shiga ba. A mayar da shi exFAT ko NTFS tun yana fanko, don sauya tsarin ta hanyar fomatin yana share abin da ke ciki.

Wannan faifan kada ya kwana ɗaki ɗaya da kwamfuta. Duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Kafin Hausa ya san yadda ruwa ke shiga ɗaki cikin dare ɗaya. Nawa yana gidan yayana, cikin leda, cikin akwatin ƙarfe a saman durowa.

Ranar sabuntawa, wuta ce abin lura. Lokacin da manhaja ke juya tsohon kundi zuwa sabo bai kamata kwamfuta ta mutu ba. Idan laftof ce, batir ya cika kuma caja na jiki. Idan ta tebur ce, janareta da isasshen mai, ko sola da hantsi, kada ka fara da yamma rana na shirin faɗuwa. Manhajar kanta ka sauko da ita daga shafin masu ita, a inda sabis ke da ƙarfi; ni nakan shiga Ringim in yi. Ka ajiye fayil ɗin girka tsohuwar sigar ma, in kana da shi.

Da ka buɗe sabuwar Lightroom za ta ce kundin yana buƙatar sabuntawa. Ka amince. Ba ta rushe tsohon, sabo take yi daga gare shi, wasu sigogin ma sukan ƙara lamba a ƙarshen sunan, kamar -v13. Abu biyu za ka riƙe. Sabon kundin ba ya buɗuwa a tsohuwar siga, don haka tsohon shi ne hanyarka ta komawa baya. Kuma daga yau sabon kaɗai za ka riƙa buɗewa. Na ga wani abokin sana'a yana aiki yau a wannan, gobe a wancan bai sani ba, sunayen da ya rubuta suka rabu gida biyu.

Wanda zai bar Picasa, shawarata digiKam. Kyauta ce, ba ta neman intanet kafin ta yi aiki, tana gane fuskoki, kuma albam ɗinta su ne ainihin foldojin da ke kwamfuta, abin da ka gani a ciki shi ne a waje. Ba ta da sauƙin Picasa, maɓallanta sun yi yawa, makon farko sai ka yi haƙuri da ita. Farkon buɗewa za ta tambayi inda hotuna suke da inda za ta ajiye kundinta. Kundin ya zauna a cikin kwamfuta, kada a kan filash. Sannan ka shiga saitinta, sashen Metadata, ka kunna rubuta laƙabi da bayani da taurari da fuskoki a jikin hotuna, don duk aikin da za ka yi nan gaba ya riƙa shiga inda ya dace.

Idan ka buɗe Lightroom ka ga alamar tambaya a kan foldoji, kada hankalinka ya tashi. Yawanci harafin faifai ne ya sauya: jiya Windows ta kira shi E, yau ka riga ka soka filash sai ta kira shi F, kundi kuwa E yake nema. Ka danna dama a kan babbar foldar ta sama, ka zaɓi Find Missing Folder, ka nuna mata wurin. Na ƙarƙashinta duk za su dawo. Kada ka cire hotunan daga kundi ka sake shigo da su, kuma kada ka yi Synchronize Folder alhali suna a ɓace, don tana iya fitar da su daga kundin tare da gyaransu. Don kada abin ya maimaitu, ka shiga Disk Management ka ba faifan harafi na nesa, kamar P, wanda filash ba zai ƙwace ba.

Yanzu ka ɗauko takardarka ka gwada lissafi. In ya yi daidai, ka buɗe hoto mafi tsufa, da wanda ka yanke, da wanda ka sa wa sunayen mutane, ka nemi laƙabi biyu ko uku, ka wanke hoto ɗaya a firinta ka ga launi.

Za ka ji sha'awar gyara foldoji a ranar, tunda komai sabo ne. Ka bari sai ka yi kwanaki kana aiki lafiya, don in matsala ta taso ka san daga ina take. In lokacin ya yi, daga cikin manhajar za ka matsar da folda ko ka sauya mata suna, don kundi ya san inda ta koma. Ni shekara nake farawa da ita, sai wata, sai rana, sai taron: 2024-04-10 Karamar Sallah. Haka suke jeruwa da kansu. A sunan folda ba na sa ƙ da ɗ da ɓ, saboda wasu tsofaffin na'urori ba sa nuna su daidai. Kada ka zuba hotunan taro biyu a folda ɗaya: kyamara in ta kai 9999 takan koma 0001, sai ka sami IMG_0001 biyu, ɗaya ya hau kan ɗaya. Hotunan da aka turo maka ta WhatsApp su ma ka ba su wurinsu daban, don yana matse su ya cire ranar ɗauka, ranar da ke jikin sunan ta turowa ce. Sunayen mutane kuwa ka tsaya a kan rubutu ɗaya. In ka rubuta Hauwa yau, Hauwa'u gobe, Kulu jibi, manhaja mutum uku ta sani. Tunda masu suna ɗaya sun yi yawa a gari, nakan haɗa da sunan mahaifi da unguwa.

Akwai kuma maganar amana. A kwamfutata akwai hotunan amare da matan aure da aka ba ni izinin ɗauka a cikin gida, ba don duniya ta gani ba. Sabuwar Windows takan nemi ta riƙa tura foldar Pictures zuwa OneDrive, ma'ajiyar Microsoft da ke intanet, manhajojin hoto ma suna da nasu turawar zuwa intanet. Ka karanta abin da ake tambayarka kafin ka danna amincewa. Ko ba don sirri ba, kyautar OneDrive 5 GB ce, ta Google 15 GB, bukukuwa kaɗan za su cika su, datarka kuma ta tafi. Idan wani ne zai yi maka aikin a birni, ka zauna kusa da shi har ya gama, kuma ka tabbata bai bar kwafi a na'urarsa ba.

Tsohon kundin ka saka shi a folda mai suna "Tsohon kundi" da shekarar, ka kai shi faifan waje. Nauyinsa kaɗan ne, babu dalilin goge shi. Bayan ka yi biki ɗaya ko biyu da sabuwar sigar komai lafiya, ka karɓo faifan, ka kwafe sabon kundin da sababbin hotunan a kai, ka mayar da shi inda yake kwana.