Yadda Za Ka Ƙalubalanci Harajin Da Aka Yanka Maka

Da takardar haraji ta iso hannunka, kafin yawan kuɗin ya tayar maka da hankali, duba kwanan watan da ke kanta. Daga nan wa'adin ƙorafi ke fara ƙirguwa, kuma in ya wuce, kotu kan ƙi sauraronka ko da kana da gaskiya. A Amurka, alal misali, kwana 90 ake bayarwa a kai ƙara kotun haraji bayan sanarwar cewa ana bin mutum ƙari.

Sai ka haɗa rasit da bayanan banki, ka ja layi a kan adadin da ba ka yarda da shi ba.

Rubuta wa hukumar haraji ƙorafinka, ka riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokoki da yawa sun ce sai an bi ta nan kafin kotu.

In sun ƙi, nemi lauya ya tantance kotun da ke da hurumi. Nan ake yawan faɗuwa. Cewa an caje ka ba bisa ƙa'ida ba, ko hukumar ta wuce iyakarta, hujja ce mai ƙarfi. Amma da'awar cewa gwamnati ba ta da ikon karɓar haraji sam, zancen banza ne. Kotun harajin Amurka na iya cin tarar da ta kai dala 25,000 a kansa.

Abin da ka amince ana binka, biya shi, kada tara ta hau.