Kafin ka sayi littafin nan na masu ɗaukar fim, duba bugu na nawa ne

Duk mai riƙe kamara da yake son sayen American Cinematographer Manual, dan Allah kar ka tsaya kallon bango, buɗe shafin farko ka nemo shekarar da aka buga shi tukuna, don littafin yasha canji sosai amma sunan nan ɗaya ne tun 1960.

Asalinsa wani mai ɗaukar hoto a Amurka, Jackson Rose, shi ya fara haɗa shi a 1935, ɗan ƙarami da zaka iya cusawa a aljihu, sunansa ma daban lokacin. Sai a 1960 ƙungiyar ASC ta masu ɗaukar finafinan Hollywood ta fito da shi da sunan da aka sani yanzu, Joseph Mascelli ne edita. To in kaga sunan Rose a bango wannan na ajiyar tarihi ne, ba na zuwa lokeshin ba.

Bugu na 7 na 1993, na 8 na 2001, har na 9 na 2004, duk ƙarfinsu akan fim ɗin zare ne irin na da, zaka tarar da jadawali yana gaya maka fim mai faɗin 35mm in ana ɗaukar hoto 24 a daƙiƙa ƙafa 90 yake ci a minti ɗaya, wato naɗin fim mai ƙafa 400 ko minti biyar baya kaiwa, lissafi ne mai daɗin sani wallahi amma kai da kake ɗauka a memori ba shi ne damuwarka ba. In dijital kake aiki nemi na 10 da Michael Goi ya tace a 2013, ko na 11 na 2022 in aljihu zai ɗauka.

Amma in tsohon ne ya faɗo maka da araha kar ka raina shi. Babin haske da filta da lens suna nan daram, musamman jadawalin da ke nuna daga ina zuwa ina hoto zai fito tar in ka sa lens kaza ka buɗe shi kaza, ni nan nafi so a littafin gaba ɗaya. Sai dai ka lura an yi lissafin ne da girman fim, ka tabbatar girman sensan kamararka, wato abin da ke karɓar hoto a cikinta, ya yi daidai da jadawalin da kake dubawa, in ba haka ba fokas zai yaudare ka.

In na hannu ne ka bi shafukan jadawalin ɗaya bayan ɗaya kafin ka biya, su ne aka fi buɗewa, su suke fara ɓallewa.