Yadda za ku shigar da yaro mai lalurar galahanga harkar wasanni

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na minti 60 a kullum, kuma yaro mai galahanga, wato autism, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da mu'amala da mutane, yana cikin wannan lissafi. Sai dai shigarsa fili tana son shiri.

Ku fara da lura da abin da yake sakewa da shi. Da yawansu sun fi jin daɗin wasan da ba cunkoso, irin gudu, keke ko iyo. Ni na fi karkata ga iyo, domin nutsewa a ruwa na cikin manyan haɗurran da ke afka wa yaran nan idan sun sulale daga gida. Amma in ƙwallo ya ƙwallafa wa rai, ku bar shi ya buga.

Kafin ranar atisaye, ku kai shi filin lokacin da babu kowa. Ya taka ciyawa, ya taɓa raga, ya ga inda banɗaki yake. A gida kuma ku busa masa usur daga nesa, kullum kuna ɗan matsowa, har ƙarar ta daina razana shi. Ya sa rigar wasan ya yini da ita. In ɗan ƙyallen da ke bayan wuya na sa shi susa, ku yanke.

Sai zama da koci, kuma nan ne aikin yake. Ku roƙe shi ya riƙa ba da umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a taƙaice, yana nunawa da jiki. Yaron kan ɗauki magana yadda aka faɗe ta: in aka ce masa "riƙe mutuminka", yana iya zuwa ya cafke rigar ɗan mutane, alƙali ya busa, shi kuwa bai san laifinsa ba. Ku kuma faɗa wa kocin alamun da ke nuna abin ya fara yi masa yawa, kamar toshe kunne ko jijjiga jiki, ku ware inuwa mai shiru da zai je ya huce. Wannan ba shagwaɓa ba ce, tsawa kuma ƙara dagula shi take yi.

A ranar farko minti 10 ma ya isa. Kan hanyar komawa gida kada ku cika shi da tambayoyi. Ku miƙa masa ruwa, ku bari sai ya yi magana da kansa.