Yadda ake gina taswirar 3D (mai tsawo, faɗi da zurfi) ta ƙarƙashin ƙasa don karanta tarihinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu haƙa burtsatse a Maiduguri ko Damaturu ya ga yadda abin da ke fitowa daga ramin ke canzawa, yanzu yashi, anjima yumɓu, can kuma sai tsakuwa. To wannan canjin shi ne tarihin wajen, da shi ake fara aikin.

Da farko ka tattaro bayanan rijiyoyi, a zurfin mita nawa aka samu me, kowace da lambar GPS ɗinta da tsayin wurin daga teku. Don Allah kar ka raina maganar tsayin nan, in ba ka daidaita shi ba shimfiɗar yashi ko yumɓun da take kwance sai ta fito maka a karkace. Bayanan tsayin ƙasa na SRTM, na hukumar sararin samaniyar Amurka NASA, kyauta ne a intanet.

Sai ka jera shimfiɗun, na ƙasa ya girmi na sama. A yankin Borno da Gombe dutsen yashi na Bima ne a ƙasa, sai shimfiɗar Gongila, sai ta Fika, can sama kuma a Borno shimfiɗar Chadi wadda mutane ke shan ruwanta. Daga nan ka loda su a manhaja, GemPy kyauta ce in ka ɗan iya Python, harshen rubuta manhaja, Leapfrog da Petrel kam sai da kuɗi. In kana da bayanan sismik, wato hoton ƙarƙashin ƙasa da ake ɗauka da amon sauti, ka sa inda ƙasa ta tsage tukuna, sannan ka bar kwamfuta ta cike tsakanin rijiyoyin.

Nan ne daɗin yake wallahi, ka juya taswirar ka yanka ta kamar burodi. Inda Bima ta yi kauri kwatsam a gefen tsaga, alama ce ƙasa na nutsewa a wurin lokacin da Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. Farar ƙasar Gongila da ake yin siminti da ita a Ashaka akwai ɓawon halittun teku a ciki, ita da baƙar lakar Fika shaida ne teku ya taɓa shafe yankin wajen shekara miliyan 90 da suka wuce, wai nan da muke kukan fari!

Amma fa tsakanin rijiya da rijiya hasashe kwamfuta ke yi, komin kyan hoton. Don haka ka ɓoye rijiya ɗaya ka gina ba tare da ita ba, sannan ka gwada, in zurfin bai zo daidai ba ka koma kan bayananka.