Yadda ake samar da furotin na tantanin ƙwayar halittar ɗan Adam a ɗakin gwaji

Furotin ɗin da ke zaune a cikin tantanin ƙwayar halitta halinsa dabam ne. Tsakiyar jikinsa a nutse take cikin maiƙo, kuma da zarar ka fizge shi ka jefa cikin ruwa sai ya dunƙule ya lalace. Amma ba makawa sai an yi aiki da shi, domin dangin da ake kira GPCR kaɗai, masu karɓar saƙo daga wajen ƙwayar halitta, sun kai kusan 800 a jikin mutum, kuma kimanin kashi ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su a Amurka a kansu suke aiki. Tunda jiki ba ya ƙera su da yawa, sai a ɗora wa wasu ƙwayoyin halitta aikin.

Fara da tsara DNA ɗin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin. Ka liƙa wa furotin ɗin wutsiyar histidin (ɗaya daga cikin tubalan ginin furotin) guda 8 ko 10, wadda da ita za ka kamo shi daga baya, sannan ka haɗa masa GFP, furotin ɗin nan mai ƙyallin kore. Ka bar gurbin da za a yanke su idan an gama.

Sai zaɓen inda za a rene shi. Bakteriyar E. coli tana da saurin girma da sauƙin sha'ani, amma ba ta da kolestarol, kuma ba ta liƙa wa furotin sukarin da jikin mutum ke liƙa masa, don haka sau da yawa gawar furotin take ba ka. Ƙwayoyin ƙwari na Sf9, da ake renonsu a digiri 27 ana shigar musu da DNA ta hanyar bairas, sun fi dacewa. A cikinsu aka samar da wani GPCR, mai karɓar adiranalin na beta-2, da aka gano siffarsa a 2007, aikin da ya taimaka wa Brian Kobilka samun kyautar Nobel a 2012 tare da Robert Lefkowitz. Ni dai idan furotin na mutum ne, na fi natsuwa da HEK293, ƙwayoyin mutum da ake renonsu a digiri 37.

Kada ka yi gaggawar cika manyan kwalabe. Gwada tsari iri-iri a ƴan mililita kaɗan, ka bi ƙyallin koren nan ta bututun da ke tace furotin bisa girmansa. Wanda ya fito a dunƙule tun a nan, ko ka reni lita goma ba zai gyaru ba.

Wanda ya yi kyau sai a rene shi da yawa, a kwashe bayan awa 48 zuwa 72. Daga nan komai a kan ƙanƙara ake yinsa ko a digiri 4, tare da sinadaran da ke hana a sassara furotin. Fasa ƙwayoyin, ka juya su a hankali a injin juyi don tarkace su kwanta, sannan ka juya ruwan saman da ƙarfin 100,000 g, wato ninki 100,000 na ƙarfin jan ƙasa, na kamar awa ɗaya. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ne tantanin.

Yanzu ne aka zo wurin da aiki ke gyaruwa ko ya watse, wato raba furotin da tantaninsa. Ana amfani da wani irin sabulu mai taushi wanda ke lulluɓe ɓangaren da ke gudun ruwa, ya tsaya masa a madadin maiƙo. An fi farawa da sabulun DDM, kashi 1 cikin 100, a gauraya a hankali na awa ɗaya ko biyu. Da yawa daga cikin furotin na mutum suna kewar kolestarol, shi ya sa ake ƙara ɗan kaɗan na CHS, wani sinadari dangin kolestarol. Wasu kuma sun fi zama lafiya a wani sabulun, LMNG. Abin da sababbin hannu ke mantawa shi ne, kowane ruwa da zai taɓa furotin ɗin daga yanzu dole ya ƙunshi sabulun, sama da ma'aunin da yake fara curewa, wanda ga DDM bai kai kashi 0.01 cikin 100 ba. Wanki ɗaya da ruwan da babu shi ya isa ya ɓata wahalar mako uku.

A sake juyawa a zubar da abin da bai narke ba, a bi da ruwan ta kan ƙananan duwatsu masu ɗauke da ƙarfen nikel. Wutsiyar histidin za ta maƙale, a wanke datti da kaɗan daga imidazol, sinadarin da ke ture histidin daga kan nikel, a sako furotin da imidazol mai yawa. Sai tacewa bisa girma: tudu ɗaya mai tsini kake nema a zanen da na'urar tacewar ke fitarwa.

Wajen duba shi a jel, abin da ke jera furotin layi-layi bisa girma, kada ka tafasa samfurin kamar yadda aka saba, domin zafi dunƙule shi yake yi. Kuma ganin layinsa a jel ba shaida ba ce cewa yana aiki. Ba shi abin da ya saba kamawa ka ga ko ya kama. Idan furotin ɗin ƙofa ce da gishiri ke bi ya ratsa tantani, mayar da shi cikin ƙullin maiƙo ka auna ko gishirin yana wucewa. Wanda ya ci wannan gwaji sai a raba shi ƙanana-ƙanana, a daskarar da ruwan naitirojin, a ajiye a digiri 80 ƙasa da sifili, kuma kowane kaso sau ɗaya ake narkar da shi.